Ɗumamen Sama: Me Ake Saye da Kuɗin Kujerun Gaba?

Kusan duk abinci mai zafi da ake rabawa a jirgin sama ɗumame ne. Na mai kujerar baya ɗumame ne, na alhajin da ke gaba, wanda kujerarsa ke miƙewa ta zama gado, shi ma ɗumame ne. A ƙasa ake dafa shi, a wata katafariyar madafa kusa da filin jirgi, wani lokaci tun jiya. A sanyaya shi cikin gaggawa zuwa ƙasa da digiri 5 don kada ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa, a jera, a loda. Sai jirgi ya daidaita a sama sannan ma'aikata su zura shi a oben na kamar minti 20. Madafar kamfanin Emirates da ke Dubai kaɗai tana iya fitar da abincin mutum fiye da 200,000 a rana.

Wannan ba aibi ba ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake karya kumallo da ɗumamen tuwo da miyar kuka ya san wani zubin ya fi na daren jiya daɗi. Ƙorafina da yawancin kamfanonin jiragen sama shi ne, a ajin farko da ajin 'yan kasuwa suna sayar da ɗumame da sunan girkin babban gidan abinci, kuma wannan kwaikwayon yana sa su zaɓi irin abincin da ba ya jure ɗumamawa, ba ya kuma jure yanayin sama. Fasinja ya biya ninki uku ko fiye na kuɗin kujerar baya, a kawo masa abin da ya fi kyau a hoto, a baki kuwa sai a hankali.

Bari mu fara da bakin mai cin. Idan jirgi yana tafiya a tsayin ƙafa 35,000, matsin iskar da ke cikinsa daidai yake da na kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Danshin iska kuma yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wato kamar tsakiyar hunturu a Kano ko Damagaram, lokacin da leɓe ke tsagewa. Wani abin dariya ma: yawancin ɗan danshin da ke cikin jirgi daga numfashin fasinjoji yake fitowa, don haka gaba, inda mutane suka fi ƙaranci, ya fi baya bushewa. Mai kuɗi ya sayi sarari, ya samu gyaran busasshen hanci.

Hanci kuwa shi ne babban ma'aikaci a harkar ɗanɗano. Harshe abu biyar ya sani: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, sai wanda Japanawa suka raɗa wa suna umami, wato garɗin nan na romon nama ko daddawa. Sauran duka, bambancin mangwaro da gwanda, ko na man shanu da man gyaɗa, ƙanshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro yayin tauna. Shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salam. To, busasshiyar iska tana busar da majinar da ƙanshi ke narkewa a cikinta kafin jijiyoyin hanci su kama shi. Kowa a jirgi mai ƙaramar mura ne.

A 2010 kamfanin Lufthansa ya ɗauki nauyin bincike a cibiyar Fraunhofer da ke kusa da Munich a Jamus. Suna da wani yanki na gangar jirgin Airbus A310 a cikin ɗakin da ake iya rage matsin iska, suka zaunar da mutane suna ɗanɗana abinci. Sakamakon da aka fi ambato shi ne jin gishiri ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, jin zaƙi da kashi 15 zuwa 20, amma tsami da yaji ba su girgiza sosai ba. A 2015 kuma Kimberly Yan da Robin Dando na Jami'ar Cornell a Amurka suka sa wa mutane ƙarar cikin jirgi a kunne, kimanin desibel 85, suka ga zaƙi ya dushe, umami kuwa ya ƙara ƙarfi. Da wannan ake bayyana yadda mutanen da ba sa kallon ruwan tumatir a ƙasa suke nemansa a sama, tunda tumatir cike yake da sinadarin gulutamet, wanda Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ne tushen umami.

A riƙe waɗannan alƙaluma da sassauci fa. Na farko kamfanin jirgi ne ya biya kuɗinsa, na biyu kuma mutum 48 ne suka kurɓi ruwan da aka narka sinadarai a ciki, ba farantin shinkafa aka ajiye musu ba. Amma alƙiblar da suka nuna ɗaya ce, kuma ta isa ta zama ma'auni: abincin da daɗinsa ya dogara ga ƙanshi mai laushi da ɗan gishiri daidai-wa-daida zai faɗi a sama, mai romo da yaji da tsami da garɗi zai tsaya da ƙafarsa.

Yanzu ɗauki takardar jerin abinci ta kujerun gaba ka duba. Da wuya ka rasa yankan naman sa mai kauri irin na Turawa, wanda darajarsa duka tana ga abu biyu: bayansa ya gasu ya yi ɓawo, cikinsa ya rage da ruwa-ruwa. Ɓawon nan aikin zafi ne mai tsanani a busasshen wuri, inda sukari da furotin ke haɗuwa su ba da launi da ƙanshin gashi, irin wanda ke jan ka zuwa teburin mai tsire. Ka sanyaya wannan nama, ka rufe shi, ka ɗumama shi cikin tururinsa, ɓawo ya jiƙe, ciki ya ƙarasa dahuwa har ya wuce. Ƙari a kan haka, kitsen naman da aka dafa aka ajiye a sanyi yana haɗuwa da iskar oksijin ya ba da wani ɗan gafi da masana abinci suka daɗe da sani tun shekarun 1950. Soyayyen dankali ma haka, ya fito lagwaf. Farin kifi mai laushi ya bushe a gefe. Duk mai dafa abincin jirgi ya san wannan sarai. Ana ci gaba da sa su ne don fasinja ya saba ganin su a matsayin abincin manya.

Naman da aka daɗe ana dafawa cikin miya kuwa, jijiyarsa ta riga ta narke ta zama danƙo mai riƙe ruwa, romo ya lulluɓe shi, kwana ɗaya ma ƙara masa shiga jiki yake yi. Shi ya sa kamfanonin da na fi ganin sun yi hankali su ne waɗanda ba su ji kunyar tukunyar gidansu ba. Ethiopian Airlines, wanda ke sauka har Kano, yana ba fasinjojin gaba injera da miyar wot mai barkono. Injera tsami gare ta, miyar kuma yaji da albasa da ta daɗe a wuta, wato daidai abubuwan da sama ba ta iya kashewa. Singapore Airlines ya yi suna da tsirensa na sate da miyar gyaɗa, kuma madafar da ke yi masa girki tana da ɗakin da ake rage matsin iska a ɗanɗana abinci kafin a amince da shi. Cathay Pacific na Hong Kong ya sa tukunyar dafa shinkafa ta lantarki a ajin farko. Wannan ƙaramin abu ya fi burge ni fiye da duk wani ado, domin sitacin shinkafa idan ya huce yana sake ɗaurewa ya yi tauri, kamar yadda tuwo ke yi da safe, kuma ɗumamawa ba ta mayar da shi yadda yake gaba ɗaya. Sun gano inda matsalar take, suka sa kuɗi a wurin.

Sai batun manyan sunaye. Air France yana buga sunayen fitattun masu girki irin su Anne-Sophie Pic a takardarsa, Singapore yana da kwamitin irin waɗannan tun 1998, Turkish Airlines kuma har mutum yake sawa a jirgi da farar riga da doguwar hular kuku. Ba na cewa ba su da amfani. Amma mai sunan tsara girkin ya yi, wasu hannaye ne daban suka dafa dubbansa, kuma mai farar hular nan ba shi da murhu, tunda ba a kunna wuta a jirgi. Aikinsa ɗumamawa da jerawa ne, ko da ya fi kowa iyawa. Gordon Ramsay, wanda ya yi shekaru yana ba Singapore shawara, daga baya ya fito ya ce shi ba ya cin abincin jirgi, don ya san inda abincin ya biyo da tsawon lokacin da ya ɗauka. Wanda ya ɗan kama hanyar gaskiya shi ne Heston Blumenthal na Ingila, da ya gwada gyara abincin British Airways a wani shirin talabijin a 2011. Ya ƙara ciyawar teku mai umami a girkin nama, har ya ba fasinjoji abin wanke hanci kafin su ci. Na biyun bai karɓu ba, kuma kowa ya san dalili.

Ƙwan kifin nan mai tsada, kabiya, ya zama filin gasa: Emirates yana ba 'yan ajin farko iya cinsu tun 2022, Qatar Airways ya shigo da shi ajin 'yan kasuwa a wasu hanyoyi a 2024. A fuskar kimiyya ba zaɓi ne marar kyau ba, yana da gishiri da umami, kuma ba ya buƙatar oben. Amma buɗe gwangwani ba girki ba ne. Abin da yake nunawa shi ne nauyin aljihun kamfani.

Ado fa? A nan dole in yi adalci, don mai saurin hukunci zai ce farin ƙyallen tebur da farantin tangaran duk yaudara ce. Binciken Charles Spence na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa ya nuna ba haka ba ne kai tsaye. Sun ba mutane kayan zaƙi iri ɗaya a farin faranti da baƙi, aka ce na farin ya fi zaƙi. Sun ba wasu cokula masu nauyi, wasu marasa nauyi, masu nauyin suka fi yaba abincin, har suka ce za su biya fiye. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa ɗanɗano, kuma tana karɓar rahoto daga ido da hannu da kunne. Don haka idan ma'aikaciya ta juye abinci daga mazubin da aka ɗumama shi zuwa faranti mai ɗumi, ta zuba miya a gefe a lokacin, ta yayyafa ɗanyen ganye, da gaske ta ƙara masa daɗi. Haka ma damar da Qatar ke ba fasinja ya ci a lokacin da ya ga dama, maimakon a tashe shi ƙarfe biyun dare da tire, tana da ƙima, don yunwa ita ce babbar magi.

Inda ado ke zama matsala shi ne inda aka yi shi don kyamara. Yau ana sanin abincin jirgi ne ta bidiyon YouTube da hotunan Instagram, kuma kyamara ba ta da harshe. Sai ka ga ɗigo-ɗigon miya guda uku kewaye da busasshen nama, alhali abin da naman ke nema shi ne ludayi guda. Sai ka ga kwano bakwai ƙanana, kowanne ya huce kafin ka iso kansa. Kuma kowane ƙarin ado ƙarin hannu ne da ya taɓa abincin da ba za a sake dafawa ba. A 1984 ɗaruruwan fasinjoji da ma'aikatan British Airways suka kamu da cutar salmonela, aka kuma bi sawunta zuwa wani danƙo mai ƙyalli da ake shafa wa ƙananan kayan buɗe baki don su yi sheƙi, irin waɗanda ake ba masu kujerun gaba. An ƙarfafa tsafta sosai tun daga lokacin, amma har yau ɗanyen abu mai sanyi ya fi miya mai tururi haɗari.

Akwai kuma farashin da ba a rubutawa a tikiti. Hanya mafi arha ta rufe giɓin ɗanɗano ita ce a ƙara gishiri da sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini. Mai tafiya sau ɗaya a shekara babu ruwansa, amma ɗan kasuwar da ke hanya duk mako da hawan jininsa ya kamata ya sani. Iskar da ke cikin hanji kuma tana kumbura da kusan kashi 30 cikin 100 saboda raguwar matsi, don haka abinci kala biyar mai maiƙo kafin a kwanta ba gata ba ne. Sannan don kada mai kujerar ƙarshe a gaba ya rasa zaɓinsa, ana loda fiye da abin da za a ci. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na sharar jirgi abinci ne da abin sha da ba a taɓa ba, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun ce a ƙone ko a binne duk abin da ya tsallako iyaka. Tsarin zaɓar abinci tun kafin ranar tafiya yana rage wannan ɓarna, ga shi kuma ba ya fitowa a hoto.

Da ni ce mai kasafin, da na rage kabiya na sayi abin da Lufthansa ya sa a ajin farko na jiragensa na A380: na'urar ƙara danshi, wadda ke ɗaga shi zuwa kusan kashi 25 cikin 100. Wannan hanci yake gyarawa, kuma hanci ɗaya ne ke shinshina duk kwanukan. Sannan da na tambayi masu girka wa jiragen da ke tashi daga Abuja da Legas da Kano me ya hana su daddawa. Kalwa ce da aka ruɓar har furotin ɗinta ya warware ya saki gulutamet, abin da Blumenthal ya je nema a ciyawar teku. Ga busasshen tumatir, ga tsamiya, ga citta da kanumfari da masoro. Farfesun kayan ciki ko miyar taushe da ta sha kabewa da yakuwa za su iya kwana a firij, su sha minti 20 a oben, su iso tebur a tsayin ƙafa 35,000 da ƙarfinsu. Matsala ɗaya da na hango ita ce warin daddawa a rufaffen ɗaki mai mutum 300, kuma wannan a madafa ake magance shi, a bar ta ta dahu sosai cikin miya tun a ƙasa.