Patrik biyu a cikin kundi ɗaya

A ɗakin karatu na jami'ar Trinity da ke Dublin akwai wani kundi da ake kira Littafin Armagh, wanda aka kwafa wajen shekara ta 807. Mai karatu zai tarar da waliyyi Patrik sau biyu a cikinsa, kuma da wuya ya yarda mutum ɗaya ne.

Na farko shi ne Patrik na ƙarni na 5, da ya rubuta Confessio da Latinanci. Ya ba da labarin yadda aka sace shi daga Birtaniya yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 6 yana kiwo cikin bauta a Ailan, ya gudu, daga baya ya komo yana wa'azi. Yana kukan ƙarancin iliminsa, yana kuma tuna wani zunubin ƙuruciya da amininsa ya tona masa.

Na biyu kuwa alƙalamin Muirchú ne ya zana shi a ƙarshen ƙarni na 7, bisa umurnin bishop Áed na Sletty. Wannan Patrik ɗin ba ya shakkar kowa. Ya kunna wutar Ista kafin ta sarki Lóegaire na Tara, ya ƙalubalanci bokayen fada, har ɗayansu ya tashi sama ya faɗo ya mutu.

Me ya kawo wannan tazara? A zamanin Muirchú cocin Armagh na neman shugabancin majami'un Ailan, ga kuma Kildare da tarihin waliyyiya Brigit wanda Cogitosus ya rubuta. Mai neman sarauta yana buƙatar kaka mai kwarjini. Har ma kwafin Confessio da ke cikin kundin an taƙaita shi, kuma maganar zunubin na cikin abin da babu.

Ba daidai ba ne a kira Muirchú maƙaryaci. Gwanin tsara labari ne, ya ɗora karon Tara bisa salon karon Annabi Musa da bokayen Fir'auna. Sai dai shaidarsa ta ƙarni na 7 ce: tana nuna mana burin Armagh da irin waliyyin da mutanen lokacin ke so. Wanda ke neman muryar Patrik kansa, sai ya koma ga tsohon bawan da ke neman afuwa saboda raunin Latinancinsa. A ganina rubutun nasa ya fi ratsa zuciya, domin mutum ne ke kare kansa a gaban masu zarginsa.