Kilba Na Jiran Mai Zane: Nazari Kan Katun Na Sararin Samaniya

A Tudun Wadan Zariya, da an yi la'asar, gidajen gem kan cika da yara da samari. Talabijin biyu ko uku a jikin bango, dogon benci, na'urar PlayStation, ga janareta na ruri a ƙofar shago. Galibinsu ƙwallo suke bugawa, amma a wayoyinsu akwai Free Fire da Call of Duty. A shagon mai tura fina-finai kuwa, tsakanin Indiya-Hausa da masu dogon zango na Kannywood, akwai sashen da ake kira katun. In babba ya leƙa wayar yaro ya ga kumbo na kutsawa tsakanin duwatsun da ke yawo a sarari, wuta na tashi ta ko'ina, da wuya ya gane ko gem ne ko fim. Abin da yakan ce ɗaya ne: "Wannan ai na yara ne."

Rashin ganewar tasa na da dalili, domin kayan aikin sun zama ɗaya. Manhajojin da ake gina jirgi da duniyar gem da su, irin su Maya da Blender, su ne ake gina fim da su. Shirin The Mandalorian na 2019 ya yi amfani da Unreal Engine, injin da aka ƙera don gem, wajen samar da hamada da sararin da ke bayan 'yan wasa. Shirin Arcane na 2021 kuma daga gem ɗin League of Legends ya fito, kamfanin Fortiche na Faransa ya zana shi. Amma hukuncin cewa na yara ne, shi ne ba shi da tushe, kuma ya jawo wa ƙasar Hausa asara.

Dangantakar gem da katun na sarari ta daɗe. Gem ɗin Space Invaders ya fito a Japan a 1978, kuma waɗanda suka taso a gaban NTA ba su manta da Voltron ba, zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙaton mayaƙi guda. Sai dai a farkon wannan ƙarni ne manyan kamfanoni suka zuba dukiya a wannan fanni, kuma suka sha ƙasa a jere. Titan A.E. na Don Bluth da Gary Goldman ya fito a 2000. An tarwatsa duniya tun a farkon labarin, saura kuwa tsere ne daga wannan tasha zuwa waccan, har da farauta a cikin dajin ƙanƙara mai ɗaukar ido. Bai mayar da kuɗinsa ba, kuma cikin 'yan kwanaki kamfanin Fox ya rufe ɗakin zanensa na Phoenix. Disney ta kashe kusan dala miliyan 140 a kan Treasure Planet a 2002, ita ma ba ta ji da daɗi ba.

Wanda ya fi ba da darasi shi ne Final Fantasy: The Spirits Within na 2001. Hironobu Sakaguchi, mutumin da ya ƙirƙiro gem ɗin Final Fantasy, shi ya ba da umarni. An kafa masa kamfani a Honolulu, ma'aikata kusan 200 suka shafe shekara huɗu, aka kashe dala miliyan 137. Burinsu a zana mutum da kwamfuta har a kasa bambance shi da na gaske. Jarumar fim ɗin, Aki Ross, silin gashin kanta 60,000 ne, kowanne da motsinsa. Abin da fim ɗin ya samu a sinima bai wuce dala miliyan 85 ba, kamfanin ya rushe. Duk wanda ya kalle shi a yau zai ga inda gizo ke saƙar: gashi na kaɗawa yadda ya kamata, fata har da tabo, amma idanun babu kowa a ciki.

Matsalar ta wuce ta ido. Daɗin gem yana hannun mai bugawa, shi ke juya jirgin, shi ke mutuwa in ya yi sake. Fim kuwa ya karɓe linzamin daga hannun mai kallo, don haka dole ya biya shi da wani abu, wato mutumin da zai damu da shi. Fim ɗin da ya kwaikwayi tsarin gem, a ci wannan mataki a wuce na gaba, ba tare da ya gina mutum ba, yakan bar mai kallo kamar yaron da ke ƙarshen benci a gidan gem, yana kallon wani na bugawa, layi kuma ba zai taɓa zuwa kansa ba.

WALL-E na kamfanin Pixar, wanda Andrew Stanton ya fitar a 2008, ya bi ta wata hanya dabam. Jaruminsa ɗan akwatin ƙarfe ne mai tsatsa, ya shekara 700 yana curin shara a duniyar da mutane suka gudu suka bari. Kusan rabin sa'ar farko babu wata hira ta kirki. Akwai wurin da yake kallon tsohon fim shi kaɗai da dare, ya ga namiji da mace sun riƙe hannu, sai ya dubi nasa hannuwan na ƙarfe, ya sa ɗaya cikin ɗaya a hankali. Ba shi da baki, ba shi da gira, gilasan ido biyu ne kawai da suke ɗan sunkuyawa, amma kaɗaicin ya isa ga mai kallo. Akwai kumbo, akwai tsere, akwai duk abin da yaro ke so, sai dai maganar fim ɗin ta manya ce: almubazzaranci, da ƙasar da shara ta cinye. Mutumin da ya ga yadda leda ke toshe kwatocin Tudun Wada da damina ba ya bukatar a yi masa fassara.

Duniya ta daɗe da yanke hukunci a kan batun ko katun na yara ne. La Planète sauvage na René Laloux, labarin wata duniya da ƙattai shuɗɗa ke kiwon mutane kamar dabbobin gida, ya samu kyauta ta musamman a bikin Cannes a 1973. Akira na Katsuhiro Otomo, 1988, an yi shi da zane fiye da 160,000 na hannu. A shekarar ce Isao Takahata ya fitar da Grave of the Fireflies, kan wasu marayu biyu da yunwar yaƙi ta kashe, fim ɗin da ba kowane babba ke iya kallonsa sau biyu ba. Spirited Away na Hayao Miyazaki ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2002, yana gogayya da fina-finan 'yan wasa. Aikin ma ba ƙarami ba ne: daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, ko an taƙaita zuwa zane 12, minti guda na cin zane 720.

Amma ba sai an je Japan ba. A Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar, mai katun Moustapha Alassane ya yi shekarunsa na ƙarshe, yana da ɗan otal da ya mayar da wani sashensa ɗakin aiki. An haife shi a 1942, ya fara da aikin kanikanci, kuma tun yana yaro yake haska zanensa da fitila yana tara jama'a. Mai shirya fim Jean Rouch ya ja shi a jiki a Yamai, daga nan ya tafi Kanada ya ga aikin mai katun Norman McLaren. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekarar ya fitar da Bon Voyage Sim, minti biyar kacal, baƙin zane a kan fari. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki: ga faretin sojoji, ga taken ƙasa, ga jawabi, ga kumbura wuya. Shekara shida ke nan da samun 'yancin kai, kuma duk wanda ya kalla ya san da wa ake. Abin da ɗan jarida ba zai iya rubutawa ba, kwaɗo ya faɗa.

Daga baya ya koma amfani da 'yan tsana da yake ƙerawa da hannunsa. Ya yi Samba le Grand a 1977, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ke kokawar gargajiya a fage, da alƙali da makaɗa da 'yan kallo. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris 2015. Bayan shekara biyu gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya ware kwanaki yana nuna ayyukansa. Abin takaici ne a ce ana nazarinsa a Amurka da Faransa, alhali a Zariya da Kano ba kasafai ake jin sunansa ba.

Labarin sarari ma Zariya ta riga kowa a ƙasar Hausa. A 1969, shekarar da Neil Armstrong ya taka wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke ginin Gaskiya a Tukur-Tukur, maƙwabciyar Tudun Wada, ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne, Kilba, da baƙonsa daga sama, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawon ganin abin da ke can. Dembo ya gwama ilmin kimiyya da salon tatsuniya, bai ga wani saɓani a tsakaninsu ba. Littafin ya haura shekara hamsin, kuma kusan duk abin da mai katun ke nema yana cikinsa: yaron da za a bi, baƙon halitta, tafiya, da duniyoyin da kyamara ba za ta iya ɗauka ba. Da 'yan wasa za a yi shi, kuɗin gina kumbo kaɗai ya isa ya kashe aikin. A zane kuwa, kumbo da keke farashinsu ɗaya.

Hannun zanen ma yana nan. A 1958 wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar Zaria Art Society. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun Turawa amma a zana abin gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Tambayar da suka yi ita ce ke gaban matashin da ya buɗe Blender a yau. In zai gina cikin kumbo, shin dole ne ya kwafi dogayen lungunan ƙarfe masu shuɗiyar fitila da ya gani a gem ɗin Halo? Ga Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, da bakan gizonsa da ke tashi daga ƙasa su haɗu a sama. Ga zankwaye, ga dagi, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga. Maginan Zazzau da suka riƙa ƙawata fuskar gidaje ba su ji nauyin sa keke da mota da agogo a cikin adonsu ba, domin abin zamaninsu ne. Taurarin ma da sunansu: Zara matar wata, Gamzaki, Kaza da 'ya'yanta.

Akwai cikas na gaske. Batun zana abu mai rai magana ce da malamai suka yi sharhi a kanta, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta ga abin da aka yi don ilmantarwa, kuma iyaye da dama kan hana ɗa zane saboda haka. Bai kamata a yi wa wannan damuwa riƙon sakainar kashi ba. Sai dai a Dubai an yi Bilal: A New Breed of Hero a 2015, dogon katun a kan rayuwar Sayyidina Bilal, wanda ya nuna cewa Musulmi na iya shiga fagen da nasu labarin. Sai wutar lantarki: kwamfuta kan shafe sa'o'i tana sarrafa 'yan daƙiƙoƙi na hoto, in wuta ta ɗauke a tsakiya aiki ya koma baya. Sai kasuwa. Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990, Kannywood ta ginu ne a kan fim ɗin da za a gama da wuri a mayar da kuɗi, katun kuwa shekara yake ci.

Duk da haka wasu sun fara. Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja don ƙananan yara. Lady Buckit and the Motley Mopsters ya fito a 2020 a matsayin dogon katun na farko da aka yi a Nijeriya. Shofela Coker ya yi Moremi a cikin jerin Kizazi Moto na 2023, sannan a Fabrairun 2024 Disney da kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú, kashi shida, inda aka hasko Legas ta nan gaba da motoci masu tashi da rata tsakanin mai kuɗi da talaka. Misalin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne Flow, na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya. Labarin kyanwa ce a cikin ambaliya, babu kalma ko ɗaya, kyamara na bin ta kamar a gem. Da Blender aka yi shi, manhajar da kowa ke saukewa kyauta, kuma a Maris 2025 ya doke Pixar da DreamWorks ya ɗauki Oscar. Gashin kyanwar bai kai na Aki Ross tsari ba, amma tsoronta na gaske ne.

Abin da ya rage wa Zariya shi ne haɗa abin da ke warwatse a hannunta. A Samaru akwai sashen zane-zane, akwai na ƙirar masana'antu, akwai na wasan kwaikwayo, akwai na harsunan Afirka, duk a harabar jami'a ɗaya. Ba dogon fim ake nema da farko ba. Kira ne ga malaman waɗannan sassa da su haɗa ɗaliban ajin ƙarshe a kan aiki guda: a nemi izinin masu haƙƙin Tauraruwa Mai Wutsiya, a ɗauki babi ɗaya, a zana shi, a sa masa muryoyin Hausa da kiɗan gida. Minti biyar ya isa, tsawon Bon Voyage Sim ke nan. In an gama, kada a kulle shi a ofis, a kai wa masu tura fina-finai na Tudun Wada da Sabon Gari su sa wa yara a waya.