Karatun Zane na Zariya da Masu Sana'ar Hannu

A 1958 ne waɗansu ɗaliban zane na Kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya bisa ra'ayin a gauraya fasahar Turawa da ta gargajiya. Sashen nasu shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta gada a 1962, har ya kai ga ba da digiri na biyu. Lalle ra'ayin ya yi kyau, amma fa a kan allon zane ya tsaya. Ɗalibi ya kan ɗauko dagi ko aska takwas ya ƙawata aikinsa, maɗinkin da aka aro daga wurinsa kuwa ba ya cikin lissafi.

A ganina asalin matsalar harshe ne. Ko binciken David Heathcote na 1979 a kan ɗinkin tufafin Hausawa, duk da zurfinsa, da Turanci aka rubuta shi, watau waɗanda aka yi maganarsu ba su suka karanta ba. Ga shi kuwa a Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, masu rubuta allunan shaguna da maɗinka hula da masu ƙunshi da zane suke ci, kowa a hannun gwani ya koya. Da za a tura mai neman digiri ya zauna da su, a kuma wajabta masa bayyana sakamakonsa da Hausa a gabansu, da malamai sun sami masu jarrabawa waɗanda suka san inda allura ta karkace.