Gwanintar Mai Fasa Dila

Sayen dilar gwanjo cinikin biri a sama ne. Ɗan kasuwa zai biya kuɗi masu kauri a kan ƙunshin da aka matse da inji, aka ɗaure da ƙarfe, mai nauyin kilo 45 ko 55. Abin da ya sani kawai shi ne rubutun jikin dilar: rigunan maza ne, kayan yara ne, ko rigunan sanyi. Riba ko asara sai an fasa ake sani, kuma a nan mai tantancewa yake nuna kansa.

Kayan sun sha tafiya kafin su iso kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Da yawansu kyauta aka bayar a Ingila, Amurka ko Kanada. Shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam suna sayar da wani kaso, ragowar kuma 'yan kasuwa su saya, su ɗaure, su loda a jirgin ruwa zuwa tashoshi kamar Kwatano da Lome. An tantance su tun kafin a ɗaure su, amma wanda ya yi aikin bai san zafin watan Afrilu a Kano ba, bai kuma san abin da uwa take nema wa ɗanta da Sallah ba.

Ka tsaya ka kalli gwani idan an yanke ƙarfen dila. Hannunsa ne yake fara magana. Da ya damƙi riga ya san auduga ce zalla ko haɗin roba, tun bai duba takardar wuya ba. Sai ya juya wuyan rigar, don nan ne tsufa yake fara bayyana. Ya leƙa hammata, ya ja ɗinki, ya gwada zif, ya ƙirga maɓallai. Ya ɗaga ta sama ta fuskanci haske: ƙaramar hudar da ido bai gani ba, rana za ta tona ta. Tabo ma iri-iri ne a wurinsa. Na ƙasa wanki zai fitar, na maiko sai an yi dabara, na bilic kuwa ya zauna ke nan. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ya jefa rigar tulin da ya dace da ita.

Tulin farko, wanda kusan sabo ne, shi yake mayar da kuɗin dila. Na biyu sai ya bi ta wurin mai wanki da guga ko tela. Na uku a zuba a ƙasa a yi araha. Yakan kuma ajiye rigunan sanyi har hunturu ya kama, lokacin da kuɗinsu yake tashi.

Wannan ido yana rage ɓarna. A kasuwar Kantamanto ta Accra, inda miliyoyin tufafi suke shiga duk mako, tarin da ba ya sayuwa yana ƙarewa a bola da bakin teku. Duk rigar da gwani ya gane za ta gyaru, an cece ta daga nan, wani kuma ya samu sutura daidai aljihunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne amana. Gwani na gaskiya zai buɗe maka rigar ya ce, "Alhaji, ga ɗan tabo nan, shi ya sa na rage maka." Wanda aka faɗa wa haka ba ya sake neman wani shago.