Wa Aka Biya Kuɗin Fansa? Nazari a kan Wani Misalin Wa'azi

Akwai wani misali da ya shiga bakin masu wa'azi da yawa a arewa maso yammacin ƙasar nan. Ɗalibai suna kawo shi a wa'azin gwaji, ana kuma jinsa a tarurrukan farkawa. Ga yadda yake tafiya: Shaiɗan ɗan bindiga ne, ya sace mu ya kai daji, ya yanka kuɗin fansa wanda danginmu duka ba za su iya biya ba. Sai Allah ya aiko da Ɗansa, ya biya da jininsa, aka sake mu. Daga nan mai wa'azi yakan ɗaga murya ya tambayi jama'a, wanda ya biya maka irin wannan kuɗi, da me za ka sāka masa? Amsar ba ta wuce zakka, baiko, azumi da zuwa sujada a kan lokaci.

Misalin yana kama zuciya, ba mu musun wannan. Kalmar fansa tana cikin Littafi Mai Tsarki (Markus 10:45, 1 Timoti 2:6), kuma a yau ba wanda yake bukatar a fassara masa ita. Amma muna roƙon duk mai hidimar da aka tura gabashin Sakkwato, ko inda mutanen can suka yi gudun hijira, ya saurari misalin da kunnen mutumin Kamarawa kafin ya tsaya gaban jama'a da shi.

Kamarawa tana cikin ƙaramar hukumar Isa, maƙwabciyar Sabon Birni, a yankin da ke tsakanin Zamfara da iyakar Nijar. A can, idan aka ce fansa, abin da mutum yake gani shi ne gonar da aka sayar, da shanun huɗa, da bin gida gida ana karo-karo. Wanda aka sako yakan dawo ya tarar da gidansa ya tsiyace saboda shi, ga bashi a wuyansa. Neman kuɗin ma ba ya tabbatar da rai. A ƙarshen Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, marigayi Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu cikin Agusta ana tsakiyar maganar kuɗi. Ban da fansa akwai harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma ko girbi. A biya bana, baɗi a sake yankawa. Tun 2019 dubban mutanen yankin suka ƙetara zuwa jihar Maradi. Masu bi a wannan ƙasa kaɗan ne, yawancinsu 'yan kasuwa da ma'aikata da iyalansu, amma tsoro ɗaya suke kwana da shi da maƙwabtansu Musulmi, kuma ma'ana ɗaya suke ba kalmar.

Matsala ta fari, misalin ya faɗi abin da Nassi bai faɗa ba. Babu ayar da ta ce an miƙa wa Shaiɗan jinin Almasihu. Babban hoton fansa a Tsohon Alkawari shi ne fitar Isra'ila daga Masar (Fitowa 6:6), kuma Fir'auna bai karɓi ko anini ba. Isra'ilawa ne ma suka fita da azurfa da zinariyar Masarawa (Fitowa 12:35-36). Ishaya 52:3 ya yi alkawarin fansa wadda babu kuɗi a cikinta. Sa'ad da Ubangiji ya yi maganar Shaiɗan a Markus 3:27, maganar ɗaure ƙaƙƙarfan mutum ya yi da kwashe kayansa, ba ta zama a yi ciniki da shi ba.

Wannan gardama tsohuwa ce. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na uku, ya koyar cewa Iblis aka biya, Giregori na Nisa kuma ya bi wannan layi. Amma abokinsa Giregori na Naziyanzu ya ƙi, ya ga abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi Allah kansa a matsayin ladan fashinsa. Ansalem na Kantabari, a ƙarshen ƙarni na goma sha ɗaya, ya ƙara da cewa Iblis ba shi da wani haƙƙi a kan mutum da za a biya shi. Kowane dattijo a Isa zai gane hujjarsu nan take, gama ya san wanda ya biya ɗan bindiga shi ne marar ƙarfi, wanda ya karɓa kuwa ya ƙara makami. Me muke so ya ɗauka game da ikon Allah idan an ce masa Allah ma sai da ya biya?

Matsala ta biyu ta fi nauyi, domin ita ce take taɓa zaman mai bi na kullum. Tambayar nan ta ƙarshen wa'azi tana mai da alheri bashi, ayyuka nagari kuma su zama biya. Harshenmu ya san wannan tsari tun kafin zuwan bishara. A zamanin bauta a ƙasar Hausa akwai murgu, wato bawa ya riƙa ba ubangidansa wani abu a kai a kai don a bar shi ya yi neman kansa, yana tara abin da zai yi fansar kansa da shi. Mai murgu yana zuwa kasuwa kamar ɗa, amma shi ya san bawa ne har ranar da kuɗin ya cika. Mai bin da aka koya masa ya sāka wa Allah, irin zaman da yake yi ke nan. Yana waƙar ceto ranar Lahadi, a zuciyarsa kuwa yana lissafin abin da ya rage masa. Bulus ya raba abubuwan nan biyu sarai a Romawa 4:4-5: abin da aka ba ma'aikaci haƙƙinsa ne, kyauta kuwa wani abu ne dabam. Da zarar an fara biyan kyauta, ta tashi daga kyauta.

A yankin da ake biyan haraji don a tsira, abin yakan ƙara lalacewa. Zakka sai ta koma kuɗin tsaro. Ana jin masu wa'azi suna kafa hujja da Malakai 3, suna cewa wanda yake ba da zakka da aminci ba za a tare shi a hanya ba. To, ranar da aka tare mai aminci fa? Matarsa za ta zauna da ɗayan biyu: ko mijinta yana da ɓoyayyen zunubi, ko Allah ya karɓi haraji bai cika alkawari ba, kamar mutanen daji. Ubangiji ya toshe ƙofar fari a Luka 13:1-5, inda ya ce Galilawan da Bilatus ya kashe, da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ba su fi sauran zunubi ba. Ƙofa ta biyu kuwa mai wa'azi ne ya buɗe ta da alkawarin da ba a aike shi da shi ba.

Ba muna cewa a daina wa'azin fansa ba ne. A ɗauko ta daga inda Nassi ya ajiye ta. A Littafin Firistoci 25:47-49 mai fansa ɗan'uwa ne na jini, wanda ya ɗauki nauyin nasa saboda nasa ne. Abin da 1 Bitrus 1:18-19 yake so mu gani shi ne tsadar abin ga wanda ya yi shi, da banzar rayuwar da aka fitar da mu daga cikinta. Jerin abubuwan ma yana da muhimmanci: a Fitowa 20 sai da Allah ya tuna musu ya riga ya fisshe su kafin ya ba da dokoki. Afisawa 2:8-10 haka ta jera su, ceto ta wurin alheri ta hanyar bangaskiya, sa'an nan ayyukan da Allah ya shirya mu yi tafiya a cikinsu. Martin Luta, a littafinsa na 1520 a kan 'yancin Kirista, ya yi bayani da itace: 'ya'ya ba su mai da itace mai kyau, itacen kirki ne yake ba da 'ya'yan kirki.

Akwai kuma masu gudun ayyuka gaba ɗaya, waɗanda da sun ji an ambaci taimakon mabukata sai su ce an koma shari'a. Yakubu 2:14-17 ta ishe su. Ɗan'uwan da ba shi da sutura ko abincin yini, wanda Yakubu ya zana, yana zaune yau a gefen garuruwan Isa da Sabon Birni da Gidan Runji. A nan Hausa ta yi mana gata, gama kalmar da Littafinmu ya ɗauka don kyautar Allah, wato alheri, ita ce kuma muke faɗa idan mutum ya kyautata wa ɗan'uwansa. Sai dai a kula da karin maganar da ke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ce a zaman duniya, amma tana sa ido ga abin da zai dawo. Alherin da Matiyu 18:23-35 take koyarwa gaba yake wucewa. Sarkin bai ce bawan ya riƙa biyan talanti 10,000 kaɗan kaɗan ba, ya yafe duka. Laifin bawan shi ne ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. Abin da sarki ya nema a gare shi, ga abokin nan ya kamata ya tafi.

Haka waɗanda suka riga mu suka yi aiki a wannan sashe. Masu mishan na SIM sun yi jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, sun kuma buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, yawancin majinyatansu kuwa ba masu bi ba ne. Ikkilisiya ƙarama a ƙasar Gobir ba ta da asibiti, amma tana da kwanon gero, da ɗakin da za a sauki iyalin da suka gudo, da ƙafar zuwa gaisuwar mutuwa a gidan maƙwabci Musulmi. Idan wanda aka sako ya dawo da bashin karo-karo a kansa, dattawan ikkilisiya za su iya zama su duba wane kashi za a ɗauke masa, su kuma faɗa masa a gaban shaidu cewa wannan kashin ba za a sake tambayarsa ba.