Tarken Jadawalin "Masu Rai da Marasa Rai" a Darasin Kimiyyar Ƙaramar Sakandare: Waiwaye Daga Doha

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken yadda ake koyar da sassan tsarin muhalli a ƙaramar sakandare, inda ake raba allo gida biyu, masu rai a dama, marasa rai a hagu. An kafa hujja da misalai daga Ƙatar da ƙasar Hausa. An gano cewa jadawalin yana ɓoye alaƙar da darasin ya zo koyarwa, kuma kalmar "marasa rai" tana haɗe abubuwa biyu mabambanta.

1.0 Gabatarwa

Gidan Tarihin Ƙasa na Ƙatar da aka buɗe a Doha a shekarar 2019, wanda Jean Nouvel ya zana, an gina shi ne bisa siffar furen hamada. Wannan fure dunƙulen ma'adinin jifsam ne da rairayi, wanda ke haɗuwa a ƙasa mai gishiri yayin da ruwa ke ƙafewa. Yana ƙara girma, yana fitar da faifai masu kama da ganyen fure, amma bai taɓa yin rai ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa girma alamar rai ce zai rasa gidan da zai sa shi a jadawali. Wannan ruɗani shi ne abin da maƙalar ta sa gaba.

2.0 Abin da Ake Tarke

A Nijeriya, batun masu rai da marasa rai yana cikin manhajar kimiyya ta aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wadda hukumar NERDC ke tsarawa. Kusan duk wanda ya bi ta wannan aji ya haddace "MR NIGER D", wato haruffan farko na sifofi takwas a Ingilishi: motsi, numfashi, cin abinci, amsa taɓi, girma, fitar da ƙazanta, haihuwa da mutuwa. Daga nan sai a cika jadawali: akuya da kuka a gida ɗaya, dutse da ruwa a ɗayan. Dabarar tana da amfaninta. Malamin da ke gaban aji mai cunkoso, babu ɗakin gwaji, yana samun abin da zai rubuta, ya kuma auna a jarrabawa. Sai dai tana da naƙasu uku.

3.0 Naƙasun Ma'auni

Idan aka ɗora sifofin takwas a kan wuta, za ta ci mafi yawansu: tana motsi, tana cin itace, tana buƙatar iska, tana girma, tana barin toka, tana mutuwa. Ƙwayar gero kuwa da ke kwance a rumbu ba ta nuna ko ɗaya a ido, alhali tana da rai. Tun a shekarar 1926 Jean Piaget ya nuna cewa yara kan jingina rai ga abin da ke motsi. Jerin da ya fara da motsi yana ƙarfafa wannan zato ne maimakon ya warware shi. Abin da ke raba geron da wutar shi ne ƙwayar halitta, da kuma gadon sifofi daga iri zuwa iri, kuma babu ɗayansu a cikin haruffan takwas.

4.0 Naƙasun Harshe

Bahaushe yana cewa wuta ta mutu, agogo ya mutu, mota ta mutu. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san babin raya matacciyar ƙasa. Game da itace kuwa, ɗanye da busasshe sun fi zuwa bakinsa. Saboda haka "rai" da "mutuwa" a Hausa ba su tsaya daidai kan iyakar da kimiyya ta shata ba. Wannan ba aibin harshe ba ne, domin Ingilishi ma yana kiran batirin da ya ƙare matacce. Aibin yana ga darasin da bai tsaya ya bambance ma'anar yau da kullum da ta ilimi ba.

Haka kuma, "marasa rai" ta haɗa busasshen ganye da dutse a gida ɗaya. Ganyen ya taɓa rai, kuma gara da ƙwayoyin bakteriya za su mayar da shi taki. Dutsen bai taɓa yi ba. Ɗalibin da bai rarrabe su ba, ba zai gane dalilin da ya sa manomi ke kai takin gida gona ba. A shekarar 2012 Ƙatar ta mayar da koyar da kimiyya da lissafi a makarantun gwamnati zuwa Larabci, bayan shekaru ana yi da Ingilishi. Duk mai fatan ganin irin wannan ga Hausa, wajibi ne ya fara da tace kalmomi irin waɗannan.

5.0 Naƙasun Rabuwa

Wannan ne mafi girma. Lokacin da Arthur Tansley ya gabatar da ra'ayin tsarin muhalli a shekarar 1935, manufarsa ita ce a ɗauki halittu da ƙasa da ruwa da iskar da suke ciki a matsayin abu guda. Jadawalin ya zo ya tsaga abin da ya ɗinke.

A gaɓar Alzakira, kusa da Alkhor a arewacin Doha, akwai kurmin itacen da Larabawa ke kira ƙurm. Yana tsaye cikin ruwan teku, yana fitar da gishiri ta ganyensa, saiwoyinsa na ɓullowa sama kamar tsinke domin shaƙar iskar da laka ta hana su. Gishiri da laka ne suka tsara siffarsa. Su kuma saiwoyin suna riƙe lakar, suna ba ƙaguwa da ƙananan kifaye mafaka.

A ƙasar Hausa gawo ya isa misali. Yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka ba ya tare wa gero rana. Ƙwayoyin da ke saiwarsa suna kama naitirojin daga iska, dabbobin da ke hutawa a inuwarsa suna barin kashi, ƙasar gindinsa ta yi ƙarfi. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma rainon kututturan itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980 sun san haka sarai.

Dausayin Haɗeja da Nguru ya nuna abin da ke faruwa idan an taɓa sashe ɗaya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa da janyewa. Ruwan da ya daina ƙafewa da rani ya ba kacalla damar toshe magudanai, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya a cikinta, masunta da manoma suka ji a jikinsu. A jadawali, ruwa kalma ɗaya ce a gidan hagu, ba ta da abin faɗa game da wannan duka.

6.0 Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarwari uku. Na farko, a mayar da gidajen uku: masu rai, matattu, da waɗanda ba su taɓa rai ba. Na biyu, a ɗebo ƙasar gona cikin ƙwarya a sa ɗalibai su tsince ta, za su tarar da gidajen uku a cakuɗe cikin tafi guda. Na uku, kowane abu da aka rubuta a allo a ja masa kibiya zuwa wani, a kuma nemi ɗalibi ya faɗi abin da zai auku idan an cire shi. Babu ɗayan waɗannan da ke buƙatar kuɗi. Yaran da ke ajin nan su ne za su gaji gonakin da hamada ke matsa wa da fadamun da ke ƙafewa, kuma tambayar da za ta fuskance su ita ce wace ta dogara da wace. Ya rage ga masana Hausa da malaman kimiyya su zauna tare su daidaita kalmomin da za a yi wannan tambaya da su.