Haƙurin Cikin Littafi da Haƙurin Bakin Badala

Ni dai ina da ƙorafi a kan marubutanmu na littattafan soyayya, kuma a bakin badala na samo shi.

Tun da likita ya ce hawan jinina sai da motsa jiki, ni da maƙwabciyata muke fita bayan sallar asuba da hijabanmu, daga Ƙofar Ɗan'agundi mu nufi Kabuga muna sassarfa. Ranar farko ko Ƙofar Na'isa ban kai ba na zauna. Wallahi ƙafata lafiya lau, zuciya ce ta ce mini, "Ke da 'ya'ya biyar, wa ya aike ki?" Sai da na koyi yi mata wayo. Na daina tuna Kabuga sam. Na'isa kawai nake hange, in na kai sai Gadon Ƙaya, daga nan Famfo, ina ƙirga numfashina kamar mai jan carbi. Wata uku na yi kafin ƙafata ta kai ni Kabuga.

To a nan na gane irin haƙurin da ake sayar mana. Yarinya ta shige ɗaki ta haɗa kai da gwiwa, hawaye sharɓe-sharɓe har shafi tamanin, sai ga Alhaji mai Marsandi ya zo ya share mata. Haba jama'a! Wannan ai zaman jira ne. Ba a nuna mana yadda ta lallashi zuciyarta ta tashi ranar Talata, ta kuma tashi ranar Laraba.

Zan cire Hajiya Balaraba Ramat. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, da miji ya kori Rabi da 'ya'yanta, tukunya ta ɗora ta shiga sayar da abinci, yau da gobe. Rabi kam ta san ƙofa-ƙofa ake bi, ko da yake har yau raina bai so yadda aka matsa mata ta koma gidan nan ba.

Derartu Tulu 'yar Habasha ta ci zinare a gudun mita 10,000 a Basalona a 1992. A 2009, tana uwa, da shekara 37, ta cinye gudun kilomita 42 na birnin Niyok. Wa zai rubuta mana irinta, 'yar Yakasai ko Mandawari, mu ji abin da take faɗa wa kanta a kilomita na talatin?

Gobe dai maƙwabciyata ta ce Dutsen Dala za mu hau, ga shi gwiwata ta hagu tun jiya take ƙara.